Hayar waƙa da mallakarta: amsa ga mai tambaya kan biyan kuɗin wata-wata da sayen faifai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yau shekara uku ke nan ina biyan kuɗin wata-wata a wata manhajar sauraren waƙoƙi, kuma ina jin daɗinta. Sai dai kwanan baya na nemi wasu waƙoƙi da na jera wa kaina, na tarar sunayensu sun dushe, ba sa buɗuwa. A gida kuma akwai akwati guda cike da kaset-kaset da faya-fayan CD da na gada daga mahaifina, yarana suna cewa a zubar tunda komai yana cikin waya yanzu. Wanne ya fi wa mutum, ya ci gaba da biyan kuɗin wata ko ya riƙa sayen waƙoƙinsa yana ajiyewa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kafin komai ina roƙonka ka hana yaran nan taɓa akwatin, zan dawo kansa daga baya, domin ina kyautata zaton cewa a cikinsa akwai abin da babu manhajar da za ta ba ka shi ko nawa ka biya. Na daɗe ina aikin ɗaukar sauti da gyaransa, na kuma kwashe tsofaffin kaset masu yawa zuwa kwamfuta, saboda haka ra'ayina ya ɗan karkata wajen ajiya, kuma gara ka san da hakan tun farko. Duk da haka ni ma ina biyan kuɗin wata, kuma ba ni da niyyar dainawa.

Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne kuɗin da kake biya duk wata kuɗin haya ne. Kamfanin bai sayar maka da waƙa ko ɗaya ba, izini kawai ya ba ka na sauraren abin da ke rumbunsa muddin kana biya, kuma shi ma kamfanin izinin ya karɓo daga masu haƙƙin mallakar waƙoƙin. Abin da ke ruɗar mutane shi ne maɓallin saukewa, domin idan mutum ya sauke waƙa a cikin manhajar ya ga tana kaɗawa babu data, sai ya ɗauka ta zama tasa. To, waƙar tana cikin wayarka amma a kulle take, manhajar ce kaɗai ke da mabuɗin, ba za ka iya tura ta wa wani ba, ba kuma za ka iya sa ta a memori ka kunna a rediyon mota ba. A Spotify, misali, an yarda ka sauke waƙoƙi har 10,000 a kowace na'ura, a kan na'urori biyar, amma dole ka shiga intanet aƙalla sau ɗaya cikin kowane kwana 30 domin a tabbatar har yanzu kana biya, in ba haka ba abin da ka sauke ya daina aiki. Ranar da ka daina biya kuwa, duk da shekara ukun da ka yi kana biya, babu waƙa ɗaya da za ta rage a hannunka a matsayin taka. Hausawa sun riga sun faɗa, kayan aro ba ya rufe katara.

Dushewar da ka gani ma daga nan ta samo asali. Kowace waƙa tana kan manhaja ne bisa yarjejeniya mai wa'adi, mai kuma iyakar ƙasashe, tsakanin kamfanin manhajar da kamfanin faifai ko dillalin da ya ɗora ta. Idan wa'adin ya cika ba a sabunta ba, ko aka samu saɓani kan kuɗi, ko mai waƙar ya fusata, sai a janye ta, kuma babu wanda zai nemi shawararka. Wannan ya faru da manya-manyan mawaƙan duniya. Taylor Swift ta kwashe waƙoƙinta daga Spotify a watan Nuwamba na 2014, ba su dawo ba sai a watan Yuni na 2017. Neil Young ya janye nasa a Janairun 2022 saboda rashin amincewa da wani shirin hira da manhajar ke yaɗawa, sai a Maris na 2024 ya mayar da su. A ranar 1 ga Maris 2021 masu sauraren waƙoƙin Koriya ta Kudu a faɗin duniya suka wayi gari suka tarar ɗimbin waƙoƙi sun ɓace daga Spotify saboda yarjejeniyarsa da kamfanin Kakao M ta ƙare, aka yi kwanaki kafin a daidaita. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Disambar 2024, lokacin da Sony Music ya janye waƙoƙinsa daga Boomplay, manhajar nan da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel. Waƙoƙin Hausa kuma suna da nasu ƙarin dalilin. Yawancin mawaƙanmu ba su da babban kamfani a bayansu, ta hannun dillalan intanet suke ɗora waƙa, kuma wasu daga cikin dillalan nan kuɗin shekara suke karɓa, idan mawaƙi ya daina biya sai su sauke waƙoƙinsa daga ko'ina. Wani lokaci kuma rigima ce tsakanin mawaƙi da mai situdiyo ko furodusa kan wane ne mai waƙar, ɗaya ya kai ƙorafi a cire ta.

Adalci ya sa in faɗi abin da hayar ta fi saye da shi, domin ba ƙarami ba ne. Manyan manhajojin nan kowacce tana ɗauke da waƙoƙi sama da miliyan 100, adadin da babu attajirin da zai iya tarawa a gidansa. A da idan kana son ka ji yadda ake kiɗa a Mali ko Sudan ko Indiya, sai ka jira gidan rediyo ya sa, ko ka samu matafiyi ya taho maka da kaset, yanzu kuwa kana kwance a ɗakinka za ka bi mawaƙi tun daga faifansa na farko har na jiya. Wannan sauƙin ne ya ceto kasuwar waƙa ta duniya daga halin da ta shiga bayan fitowar Napster a 1999, lokacin da mutane suka koma kwafar waƙa kyauta daga kwamfutocin juna, cinikin faifai ya yi ta faɗuwa shekara da shekaru. Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99, abin ya taimaka amma bai tsayar da zubar jinin ba. Spotify, wanda aka kafa a Suwidin ya kuma fara aiki a 2008, shi ne ya gano cewa mutane za su biya idan biyan ya fi satar sauƙi. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, IFPI, sun nuna cewa a 2024 cinikin waƙoƙin da aka naɗa ya kai dala biliyan 29.6, kuma kashi 69 cikin ɗari na kuɗin daga sauraro ta intanet ya fito. Saboda haka wanda duk ya ce maka hayar waƙa yayi ce da za ta wuce, bai duba kasuwar ba.

Lissafin kuɗi shi ne inda nake ganin mutane suna kwaso hujjar wata ƙasa su ɗora wa tamu. A Amurka kuɗin Spotify na mutum ɗaya ya daɗe a kan dala 9.99 a wata, ya koma 10.99 a 2023, sannan 11.99 a 2024. A wannan farashin na 2024, kuɗin shekara ya kusa dala 144, wanda zai saya wa mutum kundin waƙoƙi kamar 14 idan kowanne dala goma ne, cikin shekara goma kuma ya tara kundi 140 nasa na kansa. Ba'amurken da ba ya sauraren sababbin kundi fiye da ɗaya a wata yana da hujja mai ƙarfi idan ya ce saye ya fi masa. A Najeriya lissafin ya juye. Spotify ya shigo ƙasar a Fabrairun 2021 da farashin naira 900 a wata, kuma ko da yake an ƙara kuɗin daga baya, har yanzu idan ka mayar da shi dala bai wuce ɗaya da 'yan kai ba, alhali kundin da za ka saya a intanet sau da yawa da dala ake sa masa kuɗi, ba a rage maka komai don kana Kano ko Maraɗi. Ke nan kuɗin kundi ɗaya zai iya biya maka hayar watanni masu yawa. Ga kuma wahalar biya, tunda a 2022 bankunan Najeriya da dama sun taƙaita ko sun dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a ƙasashen waje, abin ya ɗauki lokaci kafin ya fara sassautawa.

Amma akwai kuɗin da ba ya fitowa a rasit ɗin manhaja, wato data. Lissafinsa mai sauƙi ne. Idan ka sa ingancin sauti a kan kilobit 96 a daƙiƙa, awa ɗaya tana cin kimanin megabait 43. A kan kilobit 160 tana cin 72, a kan 320 kuma 144. Mutumin da ke sauraro awa biyu kullum a matsakaicin nan na 160 zai ƙone fiye da gigabait huɗu a wata a kan waƙa kaɗai, kuma ba wuya kuɗin wannan datar ya zarce kuɗin hayar kanta, musamman bayan da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a Janairun 2025. Maganin wannan shi ne ka riƙa sauke abin da kake yawan ji sau ɗaya, a lokacin da data ke da araha ko inda ka samu intanet na ofis, maimakon ka riƙa jawo waƙa ɗaya daga intanet kullum. Waƙar da ka mallaka kuwa sau ɗaya za ta ci maka data a rayuwarta, kuma ba ruwanta da ko akwai sabis a hanyar ƙauyenku.

Shi ma sayen ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne nake son ka buɗe ido sosai. A farkon shekarun 2000 yawancin waƙoƙin da ake sayarwa a intanet suna zuwa ne da makulli, ta yadda duk lokacin da ka sauya kwamfuta sai ta tuntuɓi kamfanin ya ba ta izini. A 2008 Microsoft ya sanar cewa zai kashe na'urorin da ke ba da wannan izini ga waɗanda suka sayi waƙa a shagonsa na MSN Music, sai da jama'a suka yi ca a kansa sannan ya ɗaga wa'adin zuwa 2011, kuma a shekarar ta 2008 Yahoo ma ya yi irin wannan sanarwa. Mutanen nan sun biya kuɗi da sunan saye, ashe haya ce mai dogon wa'adi. Apple ya cire makullin daga waƙoƙin iTunes a 2009, kuma yawancin shagunan waƙa ma sun daina sa shi, amma darasin bai tsufa ba. Lokacin da Google ya rufe Google Play Music a ƙarshen 2020, waɗanda suka bar sayayyarsu a can ba su sauke ko sun mayar da ita sabuwar manhajar da ta maye gurbin tsohuwar ba kafin ƙarshen Fabrairun 2021 sun rasa ta. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka, wadda ta fara aiki a farkon 2025, da ke tilasta wa masu sayar da kayan intanet su bayyana wa mai saye idan izini kawai yake samu. Gwajin da nake ba mutane guda ɗaya ne: ka kashe data, ka fita daga asusunka, ka kwafi waƙar zuwa wata na'ura dabam, ka buɗe ta da kowace irin manhajar kunna sauti. Idan ta kaɗa, taka ce. Ko a hakan ma akwai bambanci da faifai na hannu, domin kotunan Amurka sun yanke hukunci a shari'ar kamfanin ReDigi, a 2013 da kuma a ɗaukaka ƙara a 2018, cewa ba a sake sayar da waƙar da aka saya ta intanet a matsayin ta hannu, alhali faifan CD kana iya sayar da shi, ka ba da aronsa, ka yi kyautarsa, ko ka bar wa magada kamar yadda mahaifinka ya bar maka.

Akwai hanya ta uku da tambayarka ba ta ambata ba, alhali ita ce mafi yawan mutanenmu ke bi, wato zuwa wajen masu tura waƙa. Kowa ya san su, saurayi da kwamfuta a kan teburi a bakin tasha ko kasuwar waya, lasifika tana ta ƙara, ka miƙa masa memori da 'yan canji ya cika maka shi, in ka koma gida abokai su kwashe ta Xender ko Bluetooth. Wannan hanya ta ba mutum riƙo na gaske, domin babu mai iya janye waƙar daga wayarsa, sai dai ko kwabo ba ya isa hannun mawaƙin, kuma tana cikin abubuwan da suka durƙusar da cinikin kaset da CD da ake yi a wurare irin su kasuwar Ƙofar Wambai a Kano. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa wa hannu a Maris na 2023, kwafar aikin wani ana sayarwa ba da izininsa ba laifi ne. Ba zan ɓoye cewa hanyar ta yi wa wasu rana ba. Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan Abzinawan Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, kuma ta memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka ratsa Sahara daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su, ya nemo shi, ya fitar da aikinsa a ƙarƙashin kamfaninsa na Sahel Sounds. Amma ka lura, yaɗuwar ce ta zo ta memori, kuɗin bai fara zuwa ba sai da aka samu masu saye.

Wannan ya kawo mu ga abin da mawaƙi ke samu, idan hakan yana cikin abin da ya dame ka. Spotify ba ya biyan wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane sauraro. Abin da yake yi shi ne ya tara kuɗin da ya samu a kowace ƙasa daga masu biya da masu talla, ya ware kimanin kashi biyu cikin uku domin masu haƙƙi, sannan ya raba gwargwadon kason kowa a cikin jimillar sauraron da aka yi. Ana ƙirga sauraro ne idan waƙa ta kai daƙiƙa 30 tana kaɗawa, kuma tun daga 2024 waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin watanni 12 ba ba ta shiga rabon. Abubuwa biyu ke fitowa daga wannan tsari. Na farko, kuɗinka na wata ba ya tafiya kai tsaye ga wanda ka saurara, yana shiga tukunya ɗaya ne, mafi yawansa ya tafi ga waɗanda suka fi tashe a ƙasar ko da ba ka taɓa kunna su ba. Na biyu, tunda farashin Najeriya ƙasa yake, sauraro daga Najeriya ba ya kawo wa mawaƙi abin da sauraro daga Amurka ko Ingila ke kawowa. Ƙiyasin da aka fi ambata a duniya shi ne ƙasa da rabin santi ɗaya a kowane sauraro, kuma wannan kafin kamfanin faifai da dillali su cire nasu. Ka kwatanta da Bandcamp, shagon da aka buɗe a 2008 inda mawaƙa ke sayar da aikinsu da kansu: yana cire kashi 15 cikin ɗari, ya rage zuwa 10 idan cinikin mawaƙi ya haura dala 5,000, don haka a kundin dala goma mawaƙin zai tashi da kusan takwas bayan an cire ladan aika kuɗi, abin da zai buƙaci sauraro kimanin dubu biyu kafin ya same shi a manhajar haya. Matsalar ita ce mawaƙan Hausa kaɗan ne ke da shago irin wannan. Abincinsu ya fi fitowa daga biki da liƙi da waƙar siyasa da kyautar iyayen gida, sai kuma tallan YouTube, saboda haka idan kana son kuɗinka ya isa hannun mawaƙin gida, sau da yawa hanya mafi kusa ita ce ka saurare shi a shafinsa na gaskiya maimakon na masu kwafe, ka kuma halarci wasansa.

Batun ingancin sauti ba zan daɗe a kansa ba, domin an fi ƙarfin gardamarsa fiye da amfaninsa. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗauke da sauti a kan kilobit 1,411 a daƙiƙa ba tare da an zubar da komai ba, MP3 kuwa yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da abin da kunne bai cika lura da shi ba. A kan kilobit 256 ko 320 mafi yawan mutane ba sa iya bambancewa da CD, kuma Apple Music ya fara ba da sauti marar ragi tun a 2021 ba tare da ƙarin kuɗi ba, don haka saye ba shi da wani fifiko a nan kamar da. In kuma da iyafis na Bluetooth kake ji, ita kanta hanyar tana matse sautin kafin ya isa kunnenka. Inda bambanci yake fitowa fili shi ne waƙar da ta bi hannu goma, an ciro ta daga bidiyo, an tura ta WhatsApp, an sake matse ta, har kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani.

Mallaka tana da nata nauyi, kuma masu yabonta ba su cika faɗa ba. Ranar da waƙa ta zama taka, tsaronta ma ya dawo wuyanka. Ni kaina na taɓa tara aikin kusan shekara biyu a kan ma'ajiyar kwamfuta guda ɗaya, wata rana da aka kawo wuta da ƙarfi na kunna ta sai na ji tana ƙas-ƙas kamar agogo, daga nan ba ta sake buɗuwa ba, kuma wasu daga cikin kaset ɗin da na kwashe na riga na mayar wa masu su. Tun daga ranar nake bin ƙa'idar da masu adana bayanai suka sani: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam da gidanka. Kada ka dogara da memori shi kaɗai, domin yana mutuwa ba sallama, zafi yana lalata shi, kuma kasuwa cike take da na jabu da ke nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai kwata ba, sai ka cika shi sannan ka tarar rabin waƙoƙin ba sa buɗuwa. Memori na gaske mai gigabait 32 zai ɗauki waƙoƙi masu tsawon minti biyar fiye da 2,500 a kan kilobit 320, wanda ya ishi yawancin mutane. Kada kuma ka ɗauka ajiya a intanet ta fi ƙarfin ɓata. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da aka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015, kimanin miliyan 50, wajen sauya na'urori.

Shawarata ita ce kada ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya, ka ba kowanne aikin da ya dace da shi. Ka ci gaba da biyan kuɗin wata, tunda a farashin ƙasarmu babu abin da ya kai shi araha wajen jin sababbin abubuwa da waƙoƙin yayi da za ka gaji da su bayan wata uku. Amma ka zauna ka rubuta waƙoƙin da ka san kana komawa gare su shekara bayan shekara, waɗanda idan suka dushe za ka ji kamar an yi maka rashi. Za ka yi mamakin ƙarancinsu, a wajen yawancin mutane ba sa wuce 'yan ɗaruruwa. Waɗannan su ne za ka nema ka mallaka ta halal, a hankali, ko kundi ɗaya ne duk bayan 'yan watanni, kana fara wa da na ƙananan mawaƙa da tsofaffin ayyuka, domin su ne suka fi saurin ɓacewa kuma ba su da kamfanin da zai dawo da su. Jerin waƙoƙin da ka yi a manhaja ma ka kwafe sunayensu a takarda ko a kwamfuta, saboda idan waƙa ta ɓace wani lokaci har sunanta mutum yake mantawa.

Yanzu sai akwatin mahaifinka. Kiɗan Hausa na gargajiya bai shiga manhajojin nan yadda ya kamata ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi waƙoƙi masu ɗimbin yawa, haka Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge, amma abin da ke kan intanet nasu wani yanki ne kawai, sau da yawa da suna a karkace, babu shekara, babu bayanin wanda aka yi wa waƙar, wani lokaci ma an yanke farko ko ƙarshe. Da yawa daga cikin ayyukan makaɗan fada da na noma da na dambe ba a taɓa buga su a faifan kamfani ba, an ɗauke su ne a gidan rediyo ko a wajen biki da rikoda, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset. Saboda haka yana yiwuwa wani kaset a akwatin nan shi ne mafi tsabtar kwafin da ya rage na wani wasa da aka yi dare ɗaya shekara arba'in da suka wuce.

Ka fara da raba su gida biyu. Faya-fayan CD na kamfani, masu bugu mai kyau a bayansu, suna daɗewa, kuma kwashe su abu ne mai sauƙi da kowace kwamfuta mai wurin sa faifai, ka adana su a tsarin FLAC, wanda ke rage girman kusan rabi ba tare da ya taɓa sautin ba. Waɗanda aka ƙona a kasuwa, masu launin kore ko shuɗi a ƙasa, su ne ke saurin lalacewa, da su za ka fara. Kaset kuwa yana son haƙuri, tunda na minti 90 sai ka ba shi minti 90 ɗinsa. Ka nemi rikoda mai lafiya, ka goge kan da ke karanta zaren da auduga da ɗan sifirit, ka duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren ko yana nan, sannan ka zagaya kaset ɗin gaba da baya sau ɗaya kafin ka kunna, domin zaren da ya daɗe a kwance yakan manne. Kada ka fara gwaji da kaset mafi daraja, ka gwada da wanda ba za ka yi kuka ba idan rikodar ta cinye shi. Ka haɗa rikodar da kwamfuta ta waya, ba ta hanyar kanga wayar salula a bakin lasifika ba, ka naɗa da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, ka ajiye asalin yadda ya fito da shuu ɗinsa da komai, in za ka yi gyara ka yi a kan kwafi. Duk abin da aka rubuta a jikin kaset da kwalinsa ka ɗauki hotonsa, kuma tun da sauran tsofaffi a gidan, ka kunna musu ka tambaye su wane ne ke waƙar, wa ake yi wa, a wane gari, a zamanin wane sarki, ka rubuta amsar a cikin sunan waƙar. Bayan ka gama kada ka zubar da kaset ɗin, ka jera su a tsaye cikin kwalayensu, a wuri mai sanyi da babu laima, nesa da rana da kuma bayan lasifika, domin maganaɗisun da ke cikinta yana goge zaren.